Maɓallin da Babu Waya a Bayansa

A layinsu babu mai kiransa da sunan yanka. Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa zama a ajin injiniyoyi ba, shi ma kuma bai taɓa cewa ya zauna ba. Gyaran rediyo ya fara koya tun yana saurayi, a wani shago mai ƙofa ɗaya inda warin dalma ke bin mutum har gida. Daga rediyo ya koma rikoda, daga nan ya sayi lasifika biyu da wata tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai zafi kamar dutsen guga, ya shiga ba da sauti a wuraren taro. Yanzu gemu ya yi fari, kaya sun yi yawa har sai an ɗauko mota, kuma duk wanda zai tara jama'a a unguwar, biki ne ko taron makaranta ko na 'yan kasuwa, da shi ake fara shawara kafin a sa rana.

Mutum ne mara yawan magana. Matarsa takan ce Allah ya haɗa shi da sana'ar da ta dace da shi: ya ɗaga muryar kowa, tasa kuwa sai ka matso. Yakan isa wurin aiki tun ba a jera kujeru ba, ya tsaya a tsakiyar fili ya tafa hannu, ya saurari yadda bango ke mayar masa. Daga nan ya san inda zai kafa kaya. Lasifika kullum a gaban makirufo yake sa ta, domin in makirufo ya ji abin da lasifika ke faɗa ya sake mayar mata, nan ake samun kukan nan mai tsini da ke sa mata toshe wa jarirai kunne. Amfilifaya ita ce ta ƙarshen kunnawa, ita ce kuma ta farkon kashewa. Waya kuwa ba ya yarda a naɗe masa ita a gwiwar hannu kamar igiyar shanya. A hankali yake naɗinta, zagaye ɗaya ta nan, ɗaya ta can. Yakan ce wayar da aka murɗe ba ta mutuwa a gida, sai ta bari mai jawabi ya kai tsakiyar magana. In an fara taro yakan bar teburinsa ya taka har kujerar ƙarshe ya ji abin da na baya ke ji, ya dawo ya taɓa abu kaɗan. Yawanci ma ragewa yake yi. In murya ta ɓace a cikin kiɗa, kiɗan yake saukewa ya bar muryar inda take.

Sai dai akwai wata dabara tasa da ba ya koya wa kowa. Miksarsa, wato teburin da duk wayoyi ke haɗuwa a kai, tana da jerin maɓallai masu zamewa sama da ƙasa, kowanne da abin da yake riƙe da shi: wannan na mai jawabi, wannan na ganga, wancan na jita. Na ƙarshen jerin babu waya a bayansa. Injiniya ya manna masa jan salatif don ya fita daban. Dalili kuwa, ba a taro ba tare da wani babba ya taso ya zo ya tsaya a kansa ya ce a ƙara ba. Wani lokaci uban amarya ne, wani lokaci shugaban ƙungiya, wani lokaci ma ba a san ko wane ne ba, babbar riga ce kawai. In ya ƙara, lasifika ta yi kuka, a ce bai iya aiki ba. In ya ƙi, a ce ya raina mutane. To sai ya ɗora yatsa a kan jan maɓallin, ya tura shi sama a hankali yana duban fuskar mutumin, ya tambaye shi ko ya yi. Mutumin ya karkata kai, ya saurara, ya ce yawwa, yanzu aka zo wurin, ya koma kujerarsa da daɗin rai. Injiniya bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin cuta ba. A ganinsa mutumin ya zo neman a saurare shi, an kuma saurare shi.

Babban abokin aikinsa wani mawaƙi ne da ake kira Kanari. Ɗan ƙaramin mutum ne, siriri, amma in ya buɗe baki sai ka waiga ka nemi inda sauran jikin yake. Tun suna samari suke tare. Kanari na da mai ganga da mai jita, amma ko a gaban su yakan ce Injiniya ne rabin muryarsa, Injiniya ya ce a'a, shi dai mai ɗaukar kaya ne. Suna da alama tsakaninsu: in Kanari ya ɗaga yatsa sama yana cikin waƙa, yana nufin a ƙara masa muryarsa a monita, wato ƙaramar lasifikar da ake ajewa a gaban mawaƙi tana fuskantarsa don ya ji kansa. Mawaƙa kuwa ba sa ƙoshi da jin kansu, wannan Injiniya ya sani tun tuni. Saboda haka shekara da shekaru, in yatsan ya tashi, jan maɓallin yake turawa. Kanari ya gyaɗa kai, waƙa ta ci gaba, kowa ya tashi lafiya.

A 'yan watannin nan ne abin ya sauya. Yatsan ya riƙa tashi tun a waƙar farko, ya sake tashi, ya sake. Kanari ya koma cusa baki a makirufo har ana jin numfashinsa, jijiyar wuya ta miƙe, yana waƙa kamar mai kiran wani a ƙetaren titi. Kafin a kai rabin taro murya ta dishe. Wata rana da la'asar a farfajiyar wata makaranta, ana bikin yaye ɗalibai, muryar ta tsaya cak a tsakiyar baiti. Mai ganga ya rufa asiri, ya ja kiɗa har aka tafa, amma duk wanda ya san Kanari ya san abin da ya faru.

Da aka watse, Injiniya na naɗe waya, Kanari ya zo ya zauna a kan akwatin lasifika. Da ƙyar maganarsa ke fita. Ya ce ya sha zuma, ya sha ruwan ɗumi, ya daina ruwan sanyi, duk a banza. Ya ce saura aiki ɗaya da ya riga ya yi alkawari, taron ƙungiyar direbobi a ƙarshen wata.

"Daga shi na ajiye," in ji shi. "Gara in sauka da ƙafata kafin yara su fara kwaikwayona a layi."

Injiniya ya ce a dai yi haƙuri a ga abin da Allah zai yi. Ya ƙarasa naɗinsa, aka loda kaya.

A gida ya kasa cin abincin kirki. Matarsa na ninke wanki a kan gado, ta tambaye shi ko an ƙona masa wani abu ne, don ta san fuskar da yake yi in amfilifaya ta yi hayaƙi. Ya gaya mata yadda aka yi, ya ce muryar mutumin ta ƙare. Ta ci gaba da ninkinta, sai can ta ce ita fa ba ta yarda maƙogwaro ba ne. Ta ce rabon da ta gaida Kanari daga ƙofar kicin ya amsa har ta manta, da ta ɗauka ko fushi yake da ita. Ta ce in ya zo gidan yanzu ba ya zama a kujerar da ya saba, sai ya zagaya ya zauna inda zai ba maigidan gefensa na dama. Ranar nan ma da ta ce masa 'yarsu ta haihu, cewa ya yi a'a, ya ƙoshi.

"Malam, ku ne masu sana'ar ji," in ji ta, "amma kunnen abokinka ya tafi ka bar ni ni kaɗai na lura."

Injiniya ya shiga jera dandalin a cikin kansa kamar yadda yake jera shi kullum. Monita a hagun Kanari yake ajiye ta, ba don komai ba sai don wayarta gajera ce, nan ta fi kaiwa. Mai ganga kuma a damansa yake zama tun fil azal. Ashe ganga ce ke cika masa kunnen da ya rage, muryarsa kuma ana zuba ta a kunnen da ba ya ɗauka. Mutumin da ba ya jin kansa dole ya yi ihu, mai ihu kuwa dole ya dishe. Kuma duk lokacin da ya ɗaga yatsa yana roƙo, maɓallin da babu waya a bayansa aka tura masa.

Bai je ya ce masa kunnenka ya mutu ba. Ya san Kanari, da ya ji haka zai ce uban wa ya gaya maka, a rabu a nan. Sai ya aika masa cewa tunda zai ajiye, ya zo gida a ɗauki waƙoƙinsa ko kaɗan ne, jikoki su sami abin ji.

Ɗakin ɗaukar sautin Injiniya tsohon sito ne a bayan kicin. Ba shi da kyan gani. Tsofaffin katifu ne a jingine a bango, bargo a rataye a bayan ƙofa, tsohon kafet a ƙasa, sai kwalayen tufafin da yara suka bari a kusurwa, waɗanda ya hana a kwashe don ya ce suna shanye amsa-kuwwa fiye da abin da ake sayarwa a kanti. Makirufon ba a tsakiyar ɗaki yake ba, ba kuma a jikin bango ba, a gabansa an ɗaure safar mata a zoben waya don kada iskar baki ta buge shi. Da hantsi yake aiki, bayan yaran maƙwabta sun tafi makaranta, kafin mai walda na ƙarshen layi ya tada injinsa. Fanka a kashe take ko ana zafi. Firijin matarsa ma dole a kashe shi, don bango ɗaya ne tsakani kuma makirufo na jin gurnaninsa. Sun taɓa yin rigima a kan haka, ranar da ya manta bai kunna ba har nama ya lalace. Tun daga ranar, in zai kashe firijin sai ya sa makullin babur ɗinsa a ciki, don ba yadda za a yi ya fita bai tuna ba.

Kanari ya zo da kwalbar zumarsa a aljihu. Ya leƙa kicin ya ce matarmu ina gajiya, ta amsa, ta tambayi mutan gida, ya ce ai zafin ne ya yi yawa bana. Ta dubi mijinta, mijin ya dubi ƙasa.

A ɗakin, Injiniya ya tsayar da shi a gaban makirufo, ya ce ya bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da bakinsa, ya ɗora masa hedifon a kai, abin nan mai rufe kunnuwa biyu. Ya koma wurin miksa ya karkatar da muryar gaba ɗaya zuwa kunnen hagu, ya ce ya yi magana. Kanari ya ce ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, ya tsaya.

"Tsoho, ka kunna mana, ko sai na biya kuɗin wuta?"

"A kunne yake."

"To ƙara."

Injiniya bai ƙara ko kaɗan ba. Ya dai juya muryar zuwa kunnen dama. Kanari ya buɗe baki zai sake ƙorafi, sai ya ji kansa tsaf kamar wani ne ya yi masa magana a gefe, har ya ɗan ja da baya. Injiniya ya mayar hagu, ya dawo dama, ya sake mayarwa. Kanari ya cire abin daga kansa ya jujjuya shi, ya sa shi a juye, na dama a hagu, don ya tabbatar ba kayan ne suka lalace ba. Kayan lafiyarsu ƙalau. Ya nemi kwali ya zauna.

Ɗakin ba ya mayar da sauti, shirunsa ma daban yake. Can Kanari ya ce ya daɗe yana zargi, amma ya ɗauka mutane ne suka koma magana ƙasa-ƙasa, musamman matarsa. Injiniya ya bayyana masa abin da ya gano game da monita da ganga, ya ce muryar ba ƙarewa ta yi ba, dukanta ake yi kullum. Ya ce ya tashi ya gwada waƙa ɗaya, kada ya tura, ya yi ta kamar yana yi wa jikarsa, sauran aikin na makirufo ne.

Kanari ya tashi ba don ya yarda ba. Ya fara da ƙarfi kamar yadda ya saba, muryar ta buge shi a kunnen dama, ya sassauta da kansa. Ya sake sassautawa. Kafaɗunsa suka sauka. Ya yi waƙar har ƙarshe bai nemi zuma ba. Injiniya ya rage kaurin da kusantar makirufo ke jawowa, ya sa amsa-kuwwa ɗan kaɗan yadda ba za a lura ba, ya mayar masa ya ji. Murya ce ta dattijo, ta yi ƙasa, ba ta hawa inda take hawa da, amma babu tsaga a jikinta. Kanari ya ce a sake sa masa. Aka sake. Ya ce wannan mutumin ya iya waƙa, a ina aka samo shi.

Yana cire hedifon ɗin ne idonsa ya sauka a kan miksa, ya miƙa hannu ya taɓa jan salatif ɗin.

"Wannan na san shi," in ji shi. "Tun shekarar da ka manna shi na leƙa baya na ga ba waya. Na iyayen amarya ne da masu babbar riga."

Injiniya ya ce to me ya sa yake gyaɗa kai duk shekarun nan.

"Da can wasa nake. Ina son ganin fuskar nan da kake yi, kamar likita. Amma bana da gaske nake, mutumina. Ina ɗaga yatsa ina ganin ka kai hannu can, in ce a raina ashe ni ma an sa ni a layin masu babbar riga."

"Ai da ka faɗa."

"In ce me? In ce ba na ji? A gaban mai ganga?"

Injiniya ya ce bai bambance ba, yatsan iri ɗaya ne. Kanari ya ce yatsan iri ɗaya ne amma mai yatsan ya tsufa, shi kuma Injiniya da yake takawa har kujerar ƙarshe don ya ji abin da baƙo ke ji, bai taɓa zuwa ya tsaya inda abokinsa ke tsayawa ba. Wannan ta shiga Injiniya, bai kuma yi musu ba. Daga kicin matar ta ɗaga murya ta ce in sun gama a zo a ɗauki makulli, ruwanta ya fara ɗumi. Ta ƙara da cewa a kai mutumin asibitin kunne, kada su zauna su biyu suna yi wa juna magani da waya. Kanari ya tambayi abin da ta ce. Injiniya ya ce cewa ta yi ya gaida gida.

Amma sun je asibitin. Injiniya ne ya ɗauke shi a babur. Aka duba, aka wanke, aka ce na hagun ba zai dawo yadda yake ba, na daman kuma a lallaɓa shi, a nisanta shi da ƙara.

Ranar taron direbobi Injiniya ya riga kowa zuwa, da sabuwar waya doguwa. Zauren mai rufin kwano ne, ga tasha a bayansa, motoci na ta hon. Ya kai monita dama, ya ɗora ta a kan akwati ya karkata ta yadda za ta dubi kunne, ba gwiwa ba. Ya cire ganga da jita daga cikinta ya bar murya zalla, ya rage mata kauri don ta fito sarai ba sai an ƙure ta ba. Sannan ya hau dandalin ya tsaya daidai inda Kanari zai tsaya, ya toshe kunnen hagu da yatsa, ya ɗauki makirufo ya yi ta ƙirga, yana sauka yana gyarawa yana dawowa. Masu jera kujeru suka tsaya kallo, don ba su taɓa jin muryarsa a lasifika ba.

Rigimar da aka sha da mai ganga ce. Da aka nuna masa sabon wurinsa, hagu kuma can baya, ya ce shi tun kafin a haifi rabin mutanen nan a dama yake zama, kuma a baya wa zai gan shi. Injiniya ya fara neman dalilin da zai ba shi wanda ba zai tona asiri ba, sai Kanari ya riga shi.

"Kunnena na hagu ya mutu, kuma gangarka ce ta kashe shi. Koma can ka ƙarasa gawar, ka bar mini mai ran."

Mai ganga ya ɗauki kujerarsa. Yana tafiya yana cewa shi dama ya daɗe da sanin akwai abin da ya mutu a ƙungiyar nan, ya ɗauka dai iya waƙar ce.

Aka fara. A waƙar farko Kanari ya matso makirufo, ya tuna, ya ja baya. A ta biyu yatsan ya tashi. Injiniya ya kai hannu kan maɓallin monita na gaskiya ya ɗaga shi kaɗan, ya ga wuyan mutumin ya saki. Daga nan yatsan bai sake tashi ba. Direbobi mutane ne masu son a yi musu da ƙarfi, amma da muryar ta zo musu a kwance sai suka rage surutu don su ji, na bakin ƙofa suka shigo ciki. Inda waƙa ke hawa sama Kanari ya bi ta ƙasa, mai jita ya cike masa. Ya kai ƙarshe, aka nemi ƙari, ya ƙara ɗaya, aka sake nema ya ce wannan kuma sai wani jiƙon.

Ana kwance kaya wani mutum ya zo ya ce ƙaninsa zai buɗe shago wata mai zuwa, ko za a samu. Mai jita ya fara cewa ai maigidan ya ajiye, Kanari ya ce wa ya aike shi. Ya gaya wa mutumin zai zo, amma waƙa kaɗan zai yi, da rana, kuma sai in wannan tsohon ne zai kawo kaya. Mutumin ya ce ya yarda.

Motar kaya ta tafi da mai ganga da mai jita, su biyun suka ce za su taka tunda ba nisa. Sun ɗan yi gaba Kanari ya tsaya, ya zagaya ta bayan Injiniya ya dawo gefensa na hagu.

"To, yanzu faɗi abin da kake faɗa."

"Ban ce komai ba."

"Na sani. Amma in ka tashi faɗa, ta nan za ka biyo."

Injiniya ya ce to, akwai sauran waƙoƙin da ba a ɗauka ba, ya zo jibi da hantsi kafin mai walda ya fara, kuma ya bar kwalbar zumar a gida, tana jawo masa tururuwa a ɗaki.